Yaran maƙwabta sun hana 'yata sakat don uwarta 'yar Sin ce

Assalamu alaikum. Muna zaune a wani gari a arewacin Ingila. Uwargidana 'yar ƙasar Sin ce, a Guangzhou muka haɗu lokacin ina fatauci. 'Yarmu tana da shekara 7.

Wata huɗu ke nan yaran wani gida a layinmu sun sa ta a gaba. Da ta leƙo sai su ja gefen idanunsu da yatsa, suna kiranta "korona", suna gwalangwalan wai suna Sinanci. Idan ni na rako ta, tsit kake ji. Sai in da uwarta take. Yanzu ko filin wasa ta daina zuwa, ta kuma roƙi uwar ta bar yi mata Sinanci a waje, wannan ne ya fi ƙona mini rai.

Na je wurin mahaifinsu cikin lalama, ya ce wasan yara ne. Na kira 'yan sanda a 101, lambar kiran da ba na gaggawa ba, suka ba ni lambar rahoto, suka ce yaran ba su kai shekara 10 ba, doka ba ta hawa kansu. Sau uku ina rubuta wa ƙaramar hukuma, da ranakun da abin ya faru, shiru.

Na karanta cewa dokar Ingila ta 2014 kan halayen da ke takura wa jama'a ta ba wanda ya kai koke sau uku cikin wata shida damar neman a sake duba maganarsa. Wanda ya taɓa bi ta nan, don Allah hukumomin suna iya ɗaukar mataki kan iyayen tunda yaran ƙanana ne?