A wallafa sunan ƙauyen da aka samu dalma a ƙasarsa, ko a bar sakamakon a ofis?

Malamin Kimiyya: Assalamu alaikum 'yan zaure. Tunda gwamnatin tarayya ta ɗage haramcin haƙar ma'adinai a Zamfara a watan Disamban 2024, haramcin da ke nan tun Afrilun 2019, akwai maganar da ke cina, kuma na san ba kowa za ta yi wa daɗi ba. Ni a ganina, duk ƙauyen da ake niƙa dutsen zinari, dole hukumar tarayya ta riƙa zuwa kowace shekara tana auna ƙasarsa da ruwan rijiyoyinsa, ta wallafa sakamakon a intanet da sunan ƙauyen ƙarara. Ba baƙon abu ba ne a Najeriya. Hukumar NOSDRA, mai sa ido kan malalar mai, tana da shafin da take saka malalar ɗanyen mai a Neja Delta, da ranar da abin ya faru da wurin da sunan kamfanin. Mu kuwa a 2010, da gubar dalmar da ke cikin dutsen zinari ta kashe yara sama da 400 a Anka da Bukkuyum, ba hukumar muhalli ce ta gano ba. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF ne da ke bin sawun sanƙarau suka lura yara na mutuwa fiye da kima. Babu wanda ke auna komai kafin nan.

Ɗan Rami: Wa alaikumus salam. Allah shi gafarta Malam, kai kana Gusau, mu muna bakin rami. In anka rubuta sunan garinmu a intanet cewa akwai guba, mi kake tsammani za ya biyo baya? Ba motar ƙasa mai tsabta za mu gani ba, jami'an tsaro za mu gani. A kulle wurin aiki, a kwashe injuna. Kuma ka san abin da haramci ya yi a wurinmu? Haƙa ba ta tsaya ba, ɓoyewa ta yi. Injin da munka fitar bayan gari, wasu sunka maido shi bayan katanga don kada a ji ƙararsa daga hanya. To bayan katanga wa ke zaune? Mata da ɗiya. Wagga shawara taka tana iya maido abin da kake gudu.

Malamin Kimiyya: Wannan hujja ce a kan haramci, ƙanena, ba a kan awo ba.

Ɗan Rami: A takarda abu biyu ne. A ƙauye tare suke zuwa.

Maman Husna: Ku ba ni dama. Ni na yi jinyar irin yaran nan, don haka ba labari nake ba ku ba. Yaro ɗan shekara biyu a kawo shi yana jijjiga, idanu sun juye, a yi masa maganin zazzaɓin cizon sauro ya ƙi sauka. Ka tambayi uwar, ta ce ai babansa ne ke kawo dutse gida. Da ka shiga gidan za ka gane komai: turmin da ake daka dutse shi ne na gero, an shanya garin dutse a tabarma a tsakar gida, yaro na rarrafe a gefe yana kai hannu baki. Ko ba a daka a gida ba, rigar da uban ya dawo da ita daga wurin niƙa fara fat da ƙura, yaron ya ruga ya rungume shi. Binciken da CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ta yi tare da jami'anmu a ƙauyuka biyu a 2010 ya nuna yaro ɗaya cikin huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar ya rasu cikin shekara guda. Ƙaramar na'urar gwajin jini iyakarta lamba 65, a 45 ake fara ba da maganin fitar da gubar, amma jinin yara da yawa ya wuce abin da na'urar ke iya karantawa.

Saboda haka ina bayan Malam a kan awon ƙasa. Gwajin jini yana zuwa ne bayan ɓarna ta auku, kuma maganin yana rage dalmar da ke jiki ne, ba ya maido ƙwaƙwalwar da ta taɓu. Inda na rabu da shi shi ne intanet. Matar da ke tankaɗe garin dutse a ƙauyen Dareta ko Yargalma, wane shafi za ta buɗe? Wa zai karanta mata?

Ɗan Rami: Hajiya ta taɓo inda ke min ciwo. Akwai waɗanda sunka zo garinmu da safar hannu da 'yan robobi, sunka ɗebi ƙasa a ƙofar gidana da bakin rijiya, sunka rubuta lamba a jiki. Munka ba su ruwa, munka raka su mota. Har yau ba wanda yaz zo ya ce min ga abin da anka gani. Ƙila yana cikin wani rahoto da Turanci. Ni da ɗiyana muna nan bisa ƙasar.

Tsohon Darakta: Yara, ku saurari tsoho. Na ga kafa hukumomi da yawa a ƙasar nan, kuma kusan kowace bala'i ne ya haife ta. A 1988 aka jibge ganguna masu guba daga Italiya a garin Koko, wanda yanzu ke jihar Delta, sai aka kafa FEPA, hukumar kare muhalli ta tarayya. A 2007 aka kafa NESREA, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli. A 2009, shekara guda kafin abin da ya same mu, NESREA ta riga ta fitar da ƙa'idojin muhalli kan haƙa da sarrafa ma'adinai. Doka tana nan a rubuce lokacin da ake binne yaran. To Malam, abin da muka rasa ba takarda ba ne.

Kuma ɗauki ƙauyen Bagega da ke Anka. An san ƙasarta ta gurɓace, lambobin suna hannu. An share ƙauyuka bakwai tsakanin 2010 da 2011, wato an kankare gurɓatacciyar ƙasarsu an zuba sabuwa, aka bar Bagega don babu kuɗi. A watan Mayun 2012 gwamnatin tarayya ta yi alkawarin naira miliyan 850. Ba a saki kuɗin ba sai farkon 2013. Duk tsawon lokacin yara wajen 1,500 na jiran magani, likitoci sun ce ba amfanin fara shi alhali yaro zai koma kan ƙasar da ta ba shi ciwon. Awo ya kankare ƙasa? Kuɗi ne ke kankare ƙasa.

Malamin Kimiyya: Ranka ya daɗe, ai ka ba ni makami da hannunka. Me ya saki kuɗin Bagega? Ba tausayi ba ne. Lambobin ne suka fita fili. MSF ta yi ta faɗa, ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta yi ta faɗa, 'yan fafutuka su Hamzat Lawal suka ɗauki sunan Bagega suka yi ta yayata shi a shafukan sada zumunta har majalisa ta ji, har fadar Shugaba Jonathan ta motsa. Da sunan ƙauyen aka yi yaƙin. Da an ce "wani ƙauye a arewa maso yamma", wa zai tsaya masa? Sannan ku duba jihar Neja: a 2015, shekara biyar kacal bayan namu, yara 28 suka mutu a ƙaramar hukumar Rafi, guba iri ɗaya, sana'a iri ɗaya, kuma nan ma sai da aka fara mutuwa aka sani. Da akwai tsarin ƙasa da ke bin duk inda ake niƙa dutse yana awo, da ba a maimaita ba.

Tsohon Darakta: Na yarda sunan ya yi aiki a Bagega. Amma lura da waɗanda suka yi awon: baƙi ne, kamfanin TerraGraphics da ƙungiyoyin agaji, waɗanda babu wanda zai hana su ƙarin girma don sun faɗi gaskiya. Kai kana so ma'aikacin gwamnati ya rubuta da hannunsa cewa wurin da gwamnati ta ba wa wani babba lasisi ya gurɓata gari. Na zauna a ofis, na san yadda fayil ke yin nauyi a kan tebur. Ita NOSDRA ɗin da kake yabo, an daɗe ana sukarta cewa sau da yawa kamfanin da ya yi malalar ne ke kai jami'anta wurin a jirginsa.

Barista: Baba ya yi gaskiya, amma bari in ƙara abu biyu ta fuskar doka. Ma'adinai na cikin abubuwan da tsarin mulki ya keɓe wa tarayya ita kaɗai, jiha ba ta ba da lasisi. Lafiyar yaron da ya sha gubar kuwa, asibitin jiha da na ƙaramar hukuma ne ke ɗauka. Shi ya sa kowa ke nuna ɗan'uwansa da yatsa. Na biyu, dokar tantance illar aiki ga muhalli ta 1992 tana kama mai kamfani ne da ya nemi izini. Su Ɗan Rami ba su cikin kowane rajista, to ba su cikin kowane rahoto. Abin da ke hannunmu shi ne dokar 'yancin samun bayanai ta 2011: kowa na iya rubuta wa hukumar tarayya ya nemi sakamakon awon da ta yi, kuma doka ta ba ta kwana bakwai ta amsa.

Na Bukkuyum: Kuna ta maganar awo kamar hanya lafiya take. Wane jami'i zai baro Abuja ya shiga dajin da mu 'yan gari ba mu shiga sai da addu'a? Wasu ramukan ma ba hukuma ke iko da su ba, kun san su wa nake nufi.

Maman Husna: Yaya, ba sai daga Abuja ba. Na'urar awon ƙasar a hannu ake riƙe ta, a ɗora bakinta a ƙasa a danna, kafin ka gama gaisawa da maigida lamba ta fito. Ma'aikatan muhalli na jiharmu sun koyi aiki da ita lokacin sharar ƙauyukan. Da ita aka gano gidajen da dalma ta haura kashi 100,000 cikin miliyan, wato kashi goma cikin ɗari na ƙasar tsakar gidan dalma ce, a lokacin da mizanin Amurka na wurin wasan yara yake 400 cikin miliyan. Mutane muna da su. Ramin da ke cikin daji a bar shi tukuna, a fara da tsakar gida da bakin rijiya da wurin niƙa, inda yaran suke. Kuma a riƙa komawa, don gidan da aka kankare aka zuba sabuwar ƙasa, buhu ɗaya na dutse ya isa ya maido shi yadda yake.

Ɗan Rami, kai ba ka sallama zinarinka sai an ɗora shi a sikeli a gabanka. Don me za ka yarda ɗanka ya rarrafa a ƙasar da ba a auna ba?

Ɗan Rami: Hajiya, a gabana kika ce. To shi nike nema. A auna a gabana, a faɗa min da Hausa, a faɗa wa hakimi da liman su sanar ranar Juma'a. A 2010 ma da sarakuna sunka ce a fitar da niƙa daga cikin gari, an ji maganarsu fiye da ta kowa. In an gama wannan, kuma an sa ranar da za a zo shara, sai a kai intanet. Amma a fara da intanet mu ji sunanmu a rediyo, ba wanda za ya sayi geronmu a kasuwa, kuma ba shara, ban yarda ba.

Malamin Kimiyya: A fara gaya wa mutanen gari, na karɓa, wannan haƙƙinsu ne. Amma sharaɗin "sai an sa ranar shara" ban karɓa ba. Ka ba hukuma mabuɗin ɓoyewa ke nan: ta ƙi sa rana, sakamako ya kwana a durowa har abada. Kuma gubar ba ta tsayawa a iyakar gari. Dutsen da aka haƙa nan a kan babur ake kai shi wani ƙauye a niƙa, ragowar garin da aka wanke ana saye a sake aiki da shi a wani wuri, ruwan damina na wanke wurin niƙa zuwa tafkin da shanun wasu ke sha. Waɗannan ma suna da haƙƙin sani. Ban ma taɓo zaibar da ake kama zinari da ita ba, wadda ake ƙonawa ana shaƙar hayaƙinta, alhali Najeriya ta amince da yarjejeniyar Minamata ta duniya kan taƙaita amfani da zaiba tun 2018.

Tsohon Darakta: To Barista, rubuta takardar neman bayanan, mu ga ko kwana bakwai ɗin gaskiya ne. Zan sa hannu, ni ba abin da za a cire ni daga kai yanzu.

Barista: Zan rubuta guda biyu, ɗaya ga NESREA, ɗaya ga ma'aikatar ma'adinai. Za mu tambayi yaushe aka yi awo na ƙarshe a ƙauyuka takwas ɗin da aka share, har da Bagega, da abin da aka samu.

Ɗan Rami: Ku rubuta, amma kada ku sa sunan garinmu tukuna. Kuma ku ƙara tambaya guda: injin niƙa mai aiki da ruwa, wanda ba ya tada ƙura, wa za ya saya mana shi, kuma nawa ne? In an amsa wannan, ni da kaina zan riƙe wa mai awo jakarsa.

Malamin Kimiyya: Tambayar injin ta shiga. Maganar suna kuwa ba mu gama ba.