Ina ake samun sababbin makaɗa masu wasa a fili?

Ɗan Ringim: Salamu alaikum jama'a. Don Allah ina tambaya, na gaji da waƙoƙin situdiyo ɗin nan da kwamfuta ke gyara murya, ina son jin sababbin yara waɗanda ba a san su ba tukuna amma suna kiɗa da hannunsu ido na ganin ido. A ina zan same su?

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam ƙanena. Ka jira kaka, da an gama girbin gero dambe da kokawa za su dawo ƙauyuka, kuma babu dambe sai da masu kalangu, a nan yaran ke fara fito da kansu, wani ma ɗan amshi ne shekara da shekaru sai ranar maigidansa ya miƙa masa, ka ji murya wallahi har tsigar jikinka ta tashi. Ka riƙe canji don liƙi, da shi suke cin abinci.

Maman Ilham: Mu dai mata sai gidan biki, masu kiɗan ƙwarya da amada suna nan ba su ƙare ba, DJ ne kawai ya danne su saboda ya fi araha.

Sani Mai Caji: Yaya ka leƙa kasuwar Gujungu ranar Lahadi ko Maigatari ranar Alhamis, masu kukuma da gurmi suna zagayawa rumfa rumfa. Wasu kuma wajenmu masu tura waƙoƙi a waya suke kawo waƙarsu kafin ta hau TikTok.

Ɗan Ringim: Na gode ƙwarai, Gujungu ta fi min kusa, Lahadi insha Allah.