Hanya zan fara yi ko rahoton muhalli? Ku taimaka da shawara kafin ruwa ya sauka

Sabon Mahaƙi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawarar waɗanda abin ya taɓa faruwa da su nake nema. Ni da abokaina biyu mun samu lasisin haƙar dutsen dalma. Daga bakin rami zuwa kwalta hanya biyu ce. Ta farko kilomita 9, tsohuwa ce, amma ta tsakiyar wani ƙauye ta bi, ta gaban makarantar firamare da rijiyarsu. Ta biyun kilomita 14, ta zagaye garin, sai dai mu za mu share ta da kanmu, mu kuma sa kwalbati a wani rafi. Wanda zai rubuta mana rahoton tasirin muhalli ya ce dole hanyar ta shiga cikin rahoton, kuma kada katafila ta taɓa ƙasa sai hukuma ta sa hannu. Abokaina kuma sun ce rahoto na rami ne kawai, mu yi hanya tun ƙasa na bushe. Abin da ke hannunmu ba zai ɗauki biyun a lokaci guda ba. Wanne zan sa gaba?

Mai Tifa Uku:
Wa alaikumus salam. Allah ya sa albarka. Ni dai abin da zan gaya maka, kada ka yarda ka sayi tifa a shekarar farko. Ka yi haya. Taya da sifirin kaɗai sun isa su cinye maka riba.

Sabon Mahaƙi:
Na gode Alhaji, amma ba mu kai ga maganar mota ba tukuna. Hanyar da motar za ta taka ce matsalar.

Injiniyan Hanya:
Mai rubuta rahoton ya fi abokanka gaskiya. Hanyar jigila ɓangare ce ta aikin, domin ƙura da ƙara da sauya wa ruwa mabi duk a kanta suke faruwa. Sau da yawa ma mutanen gari ba su taɓa ganin ramin da idonsu ba, motocin suka sani. Ka kuma lura da kwalbatin. Ba faɗin rafin na yanzu ake aunawa ba, ruwan da ke gangarowa ranar da aka yi mamakon da ya fi kowanne ake lissafawa.

Wanda Ya Gani:
Ɗan'uwa, zauna ka ji nawa, don ni abin da abokanka ke faɗa maka shi na yi. Muka ce takarda ta biyo mu a baya. Muka ɗauko katafila da gireda, cikin sati uku hanya ta fito fes, muka zuba marmara, muka jera bututu biyu a rafi muka rufe da ƙasa. Ranar da motar farko ta haye har hoto na ɗauka.

Ruwan farko lafiya. Na biyu lafiya. Na ukun da daddare ya sauka, ya taho da itace da yayi, ya toshe bakin bututun. Hanyar tawa ta koma madatsa. Ruwa ya ja da baya ya kwanta a gonakin mutane, da asuba kuma ya ɓalle, ya tafi da hanyar, ya haɗa da tarin ƙasar da muka wanke muka jibge a gefe. Da na iso na tarar rafin ya koma kalar toka. Wani dattijo yana tsaye a gonarsa ruwa iya gwiwa, ya ɗebo laka a tafin hannu ya miƙo min, bai ce uffan ba. Wallahi har yau in na rufe ido ina ganin hannun nan.

Kwana huɗu jami'an muhalli suka zo. Abin da suka fara tambaya shi ne takardar amincewa da hanyar. Babu. Suka rufe wurin gaba ɗaya, har ramin da yake da cikakken lasisi. Wata goma sha ɗaya ba mu fitar da ko shebur ɗaya ba, ga hayar katafila na tafiya, ga diyyar gonaki, ga tara. Abokin haɗin gwiwata ya zare jikinsa ya bar ni da bashin. Abin da ya fi ci min rai, wanda ya ce min "yi kawai, kowa haka yake yi" shi ne ya fara daina ɗaga wayata.

Mai Tifa Uku:
Innalillahi. Allah ya mayar maka da alheri, Malam.

Ɗan Kamasho:
Amin. Amma Yaya, ba rashin rahoto ne ya kashe ka ba, ƙaramin bututu ne. Da ka sa babba da yanzu kana lodi.

Wanda Ya Gani:
Da na yi rahoton ai da an auna min ruwan, da ban sa ƙaramin ba. Abu ɗaya ne.

Sabon Mahaƙi:
Jikina ya yi sanyi. To nawa rahoton ya ci muku? Mu abin da aka yanka mana ya kai kuɗin tifa ta hannu.

Ɗan Kamasho:
An ɗora maka. Namu ko sulusin haka bai kai ba, kuma cikin wata guda aka kawo.

Injiniyan Hanya:
Wanda aka gama a wata guda, yaushe aka ɗebi ruwan rijiya aka kai ɗakin gwaji? Yaushe aka zauna da mutanen gari? Na taɓa riƙe irin wannan rahoton, a shafi na talatin da wani abu sunan wani kogi ne da ba ya ma yankin. Kwafo shi aka yi. Na gaskiya sai an ga wurin da rani an kuma gan shi da damina.

Mai Kwari:
Mu kuwa namu ya ninka abin da aka gaya wa mai tambaya, don sai da aka sake shi bayan mun sauya hanya. Saboda haka ka tsayar da hanyar da za ka bi kafin ka biya ko sisi.

Ɗan Kamasho:
Ko kuma ya nemi jakuna ɗari biyu. Ba ruwansu da kwalbati, ba sa shan dizal, kuma babu jami'in da zai ce su hau sikeli.

Mai Kwari:
Hahaha, kai dai ba ka rabo da wasa. Wa zai yi musu lodi?

Malamar Asibiti:
Ku yi haƙuri in katse muku dariya. Duk kun manta ya ce dalma ce, kuma gajeriyar hanyar ta gaban makaranta ta bi. Ƙurar dalma ba irin ƙurar yashi ba ce. Tana sauka a tsakar gida, yaro ya yi rarrafe a kai ya kai hannu baki, ta shiga jini ta taɓa ƙwaƙwalwa, kuma abin da ta lalata ba ya dawowa. A Zamfara a 2010 yara sama da 400 suka rasu saboda ƙurar dutsen zinare mai haɗe da dalma da ake niƙawa a cikin gidaje. A Kabwe ta ƙasar Zambiya an rufe mahaƙar dalma tun 1994, amma har yanzu ƙasar unguwanninsu na ɗauke da gubar. Na yi jinyar yaro mai wannan ciwon, yana ta jijjiga uwar na riƙe da shi. Ƙanina, don Allah ka cire hanyar cikin gari daga lissafinka. Ta zagayen ma ka riƙa rufe lodi da tamfol, tankar ruwa na yayyafi.

Tsohon Direba:
Hajiya ta faɗi gaskiya kan tamfol. Amma ku masu takarda kuna sa wa yaro tsoro. Shekara 26 ina jan dutse, ban taɓa ganin rahoto ya cike rami a hanya ba.

Injiniyan Hanya:
Baba, da girmanka, ramin ma lodi ne ke haƙa shi. Gwajin da aka yi a Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna in ka ninka nauyin da ke kan ƙafar mota sau biyu, ɓarnar da take wa kwalta tana kusan ninka 16. Ƙarin kashi 20 cikin ɗari kawai ya isa ya ninka ɓarnar biyu. Raina ƙa'ida kuma shi ke kai mutane ga irin abin da ya faru a Burumadinyo ta Barazil a Janairun 2019, inda madatsar da ke tare lakar mahaƙar tama ta fashe ta kashe mutum 270.

Tsohon Direba:
Ana maganar rami ɗaya da rafi ɗaya ka tafi Barazil. Ɗana, ka taɓa kwana a ƙarƙashin mota ta kafe a taɓo? Kuma lodin da kake magana, direba ne ke ƙara shi? Mai kaya ne ke cewa a ƙara, don kuɗin tafiya ɗaya ne.

Mai Tifa Uku:
Mai kaya kuma me zai yi? Daga rami zuwa inda ake sauke kaya sau nawa ake tsayar da mota? Wannan ya ce kuɗin hanya, wancan ya ce kuɗin muhalli, kowa da rasit ɗinsa, hanyar kuwa ko shebur ɗin tsakuwa ba a zuba mata ba. In ba ka ƙara lodi ba da me za ka biya?

Mai Kwari:
Nan ka taɓo inda ke min ciwo. Mu muka gyara kilomita shida da kuɗinmu, yanzu motocin kamfanoni uku ke bi, ko tankar ruwa ɗaya ba su taɓa turowa ba. In ƙura ta tashi kuma ƙofarmu mutanen gari ke zuwa.

Injiniyan Hanya:
Kaya mai nauyi irin wannan asali na jirgin ƙasa ne. Muritaniya tun 1963 take jan tamar ƙarfe daga Zuwerat zuwa Nuwadibu, kilomita 704 a kan dogo. A Gini ma sai da aka shimfiɗa dogo sama da kilomita 600 saboda tamar da ke duwatsun Simandu.

Tsohon Direba:
To in jirgi ya kwashe kayan, mu da yaran motarmu mu ci me?

Sabon Mahaƙi:
Na gode muku duka. Hanyar cikin gari na cire ta, Hajiya, ko abokaina sun ƙi. Amma har yanzu ba wanda ya ce min ko hukuma na yarda a fara share hanya alhali rahoto na hannunsu.

Mai Tifa Uku:
Mai Kwari, kamfanonin nan uku, kun taɓa rubuta yarjejeniyar gyara da su? Don mu ma wasu sun fara bin tamu tun watan jiya, kuma tirela suke shigowa da ita.