Wata 'yar kwalbar gilashi mai sassaƙa da aka ba ni a Sin: tsohuwa ce kuwa?

Ɗan Kwari:
Assalamu alaikum jama'a. Shekara 11 ke nan ina sarin yadi a hannun wani dattijo a Guangzhou. A tafiyata ta ƙarshe, bayan mun gama lissafi, ya ɗauko wani ɗan akwati ya miƙo mini da hannu biyu. 'Yar kwalba ce, ko tafin hannuna ba ta cika ba. Jikinta fari ne kamar kindirmo, ga jemagu biyar jajaye sun kewaye ta. Da farko na ɗauka fenti ne, amma da na shafa sai na ji jan ya yi tudu, kuma in na ɗaga ta saitin rana haske na ratsa shi. A jikin murfin akwai ɗan siririn cokali, a gindinta kuma rubutun Sinanci ne harafi huɗu. Uwargida na so ta zuba humra a ciki, na ce a dakata tukuna. Don Allah mene ne wannan, kuma tsohuwa ce? Ba sayarwa zan yi ba, so nake in san darajar abin da aka karrama ni da shi.

Mai Tangaran:
Wa alaikumus salam Alhaji. Kwalbar tabar shaƙa ce, cokalin na ɗibar garin taba ne. Jan nan ba fenti ba ne, gilashi ne a kan gilashi. Ana hura farin tukuna, a tsoma shi cikin narkakken jan gilashi har ya lulluɓe shi. In ya huce sai mai sassaƙa ya zauna da ɗan faifai mai juyawa da garin dutse, irin yadda suke aikin duwatsu masu daraja, ya yi ta cinye jan har farin ya fito, ya bar zanen kaɗai. Hannu ya goce sau ɗaya, aikin ya tashi a banza.

Sarki Kangxi ne ya kafa masana'antar gilashi ta fada a Beijin a 1696, ƙarƙashin wani limamin Kirista ɗan Jamus, Kilian Stumpf. Sana'ar ta kai ƙololuwa a zamanin jikansa Qianlong, 1736 zuwa 1795, har da tuluna da kwanoni masu launi uku ko huɗu. Jan mai kyau da ɗan zinare ake haɗa shi. Ina kyautata zaton sunan Qianlong ne a gindin taka, amma kada wannan ya ruɗe ka, an ci gaba da sa sunansa a kan kaya shekaru aru-aru bayan rasuwarsa. Garin Boshan na lardin Shandong har gobe ana aikin gilashi.

Ka sa madubin ƙara girma ka duba: gindi ya side da ƙananan ƙarce na tsufa? Gefen zanen ya yi sumul, ko yana da kaifi? 

Ɗaliba a Beijin:
Baba, batun jemagu ne ya taɓa ni. Sunan jemage da kalmar alheri a Sinanci furucinsu ɗaya, "fu". Biyar kuwa addu'a ce: tsawon rai, arziki, lafiya, son nagarta, da cikawa lafiya. Dattijon nan fatan alheri ya yi maka. Sai dai dokar Sin ta hana fitar da kayan tarihi da suka girmi 1911, don haka da wuya ɗan kasuwa mai hankali ya ba baƙo ta zamanin sarakuna ya bi da ita filin jirgi. Ni dai na fi zaton aikin hannu ne na baya-bayan nan.

Mai Tangaran:
Gaskiyarki 'yata. Alhaji, ka ba Hajiya haƙuri, humra za ta jiƙa toshiyar murfin ta bar maiƙon da ba ya fita. Ban da ruwan zafi, ban da ajiyewa a rana, gilashi biyun kan iya tsagewa. Tsumma mai laushi ya isa.

Ɗan Kwari:
Allah Ya saka da alheri. Na duba, gindin ba ƙarce ko ɗaya, amma fukafukan jemagun sumul suke. Na mayar da ita akwatinta. Da na san ma'anar jemagun nan da godiyata ta fi haka. Na riga na ba da ɗinkin hula zanna bukar, da ita zan koma masa bayan Sallah in Allah Ya yarda.