Ƙanena ya koma shan ƙwaya bayan ya fito daga cibiyar gyaran hali: me ya rage mu yi?

Yayar Auta ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san wannan lamari, ko dai ta hanyar aikinsu ko kuma domin ya taɓa faɗowa cikin gidansu. Ƙanena, wanda shi ne autanmu, shekararsa 24, kuma ya fara shan tiramol ne shekara huɗu da suka wuce, lokacin da ya ajiye karatu ya kama tuƙin adaidaita sahu bayan rasuwar mahaifinmu. Da farko cewa yake yi ƙwayar tana hana shi gajiya ne domin ya iya haɗa balas ɗin mai keken kafin dare, daga baya sai ya haɗa da roci, wata ƙwaya mai sa barci, da wiwi, har ta kai mai keken ya karɓe abinsa. Bara muka haɗa kuɗi, ni da yayanmu, muka kai shi wata cibiya inda ya yi wata uku. Ya dawo ya yi ƙiba ya yi haske, har Hajiyarmu ta yi sadaka saboda murna, amma bai cika wata biyu a gida ba ya koma ruwa.

Yanzu kan gidan ya rabu. Kawunmu ya ce tun farko gidan mari ya kamata a kai shi, Hajiya tana ganin idan aka yi masa aure zai nutsu, yayanmu kuwa ya ce ya cire hannunsa domin kuɗinsa sun tafi a banza. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yaron ba ya barci, kwana yake yi a zaune a soro, kuma sau biyu na ji ya ce rayuwarsa ba ta da amfani. Shin akwai abin da muka bari a baya wanda ya sa maganin bai kama shi ba?

Maman Ilham ta amsa:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa, kuma zan fara da abin da kika ambata a ƙarshe, domin shi ne ba ya jira. Matashin da ba ya barci kuma yana cewa rayuwarsa ba ta da amfani yana buƙatar ganin likitan ƙwaƙwalwa a cikin wannan makon. Ki zauna da shi ku biyu, ki tambaye shi kai tsaye ko ya taɓa tunanin halaka kansa, domin tambayar ba ta sa wa mutum tunanin da ba shi da shi, sai dai ta ba shi damar faɗin abin da yake ɓoyewa. Idan ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da magunguna da maganin ƙwari daga inda hannunsa zai kai, a tafi asibiti a ranar. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, da na Ƙware a Sakkwato, da na Maiduguri, da na Dawanau a Kano, sannan asibitocin koyarwa irin na Aminu Kano suna da sashen.

Game da tambayarki, kuɗin yayanku ba su tafi a banza ba, sai dai abin da aka saya da su matakin farko ne kawai. Wata uku a killace suna fitar da ƙwaya daga jiki, wanda mutanenmu ke kira wankin jini, amma ba sa taɓa abin da ya sa aka fara sha. Yaron nan ya rasa uba, ya rasa makaranta, ya rasa sana'a, duk a cikin 'yan shekaru, kuma mai yiwuwa ciwon damuwa ne yake dannewa da ƙwayar. Idan aka cire ƙwayar ba a kula da ciwon ba, an bar shi da zafin ne babu abin da ya saba rufe shi da shi. Cibiyar nazarin shaye-shaye ta Amurka ta ƙiyasta cewa kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na waɗanda aka yi wa magani suna komawa, adadin da bai yi nisa da na masu hawan jini ko asma da ciwonsu ke tashi ba, kuma ba mu taɓa cewa mai hawan jini ya ci amanarmu don jininsa ya sake hawa.

Akwai gargaɗi biyu da nake so ku riƙe. Kada a kulle shi a ɗaki a hana shi sha lokaci guda, domin yanke roci farat ɗaya yana iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, shi ya sa likita yake rage shi sannu a hankali. Sannan wanda ya yi watanni bai sha ba jikinsa ya daina jure adadin da ya saba, saboda haka lokacin komawa shi ne lokacin da ya fi haɗari, musamman ga mai haɗa tiramol da roci.

Batun gidan mari kuwa, a tuna wa Kawu abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019, inda aka fito da mutum sama da 300, da yawansu da sarƙa a ƙafa da tabon duka a baya. Sarƙa tana hana mutum fita, amma ban taɓa ganin ta warkar da baƙin ciki ba. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ba irin wannan maras lafiya haƙƙin a kula da shi cikin mutunci. Kuma kada ku ɗauka gidanku kaɗai abin ya sama: binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwayoyi a shekara guda a Najeriya.

Ɗan Kafinta ya amsa:

Yaya, ni na bi ta wannan hanyar, kodin na sha na shekara biyar, kuma bana shekarata shida da dainawa, bayan na koma sau uku. Abin da Maman Ilham ta faɗa gaskiya ne, amma akwai abin da ba a gani daga asibiti, wato yadda yini yake da tsawo ga wanda ya dawo gida. A cibiya akwai lokacin tashi da na cin abinci da na motsa jiki, amma ranar da aka sallame ni sai na wayi gari babu inda za ni, babu wanda yake jira na, kuma kowa a gida yana bin aljihuna da ido. Wurin da kaɗai ake murnar ganina shi ne tsohuwar majalisarmu, saboda haka can ƙafata ta kai ni tun kafin sha'awar kwalbar ta taso. Lokacin da gwamnati ta hana shigowa da haɗa maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, kuɗinsa ya tashi, amma a majalisarmu ban ga wanda ya daina saboda tsada ba, wasu ƙwayoyin muka koma wa.

Abin da ya riƙe ni a karo na huɗu shi ne wani dattijon kafinta a bayan layinmu, wanda ya san halina sarai amma ya karɓe ni a kan sharaɗin in iso shago ƙarfe bakwai na safe. Wata uku na farko ba ya ba ni kuɗi a hannu, abinci yake saya mini, ladana kuma ya kai wa mahaifiyata ta ajiye, kuma ni na amince da hakan tun farko, ba tilasta mini aka yi ba. Gajiyar aikin katako ita ta dawo mini da barci. Shawarata ita ce kada a mayar da ƙanenki kan adaidaita sahu yanzu, domin aikin yana sa kuɗi a hannu kullum, kuma tashar da zai tsaya nan ne inda ya koyi sha. A nema masa sana'ar da akwai babba a kansa, a canza masa layin waya, sannan a samo masa mutum ɗaya da ya taɓa sha ya daina, wanda zai iya kira cikin dare idan abin ya motsa. Akwai maganar da ba zai iya faɗa miki ba saboda nauyinki da yake ji, amma zai faɗa wa irina.

Kuma don Allah a daina kiransa ɗan ƙwaya a cikin gida, ko da wasa. Sunan nan ya fi duka ciwo.

Malamin Islamiyya ya amsa:

Allah ya ba shi lafiya, ya ba ku ladan haƙuri. Zan yi magana a kan ɓangaren da na sani. Haramcin giya bai sauka a rana ɗaya ba: an fara da bayanin cewa zunubinta ya fi amfaninta a Suratul Baƙara aya ta 219, sannan aka hana kusantar salla cikin maye a Suratun Nisa'i aya ta 43, kafin hani na ƙarshe ya zo a Suratul Ma'ida aya ta 90. Wannan ba ya halatta komai a yau, amma yana koya mana cewa raba mutum da abin da jikinsa ya saba yana buƙatar tarbiyya da lokaci. Haka nan ya tabbata a Sahihul Bukhari cewa an sha kawo wani sahabi saboda shan giya, da wani ya la'ance shi sai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana, ya kuma shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. A karanta wa yayanku wannan kafin ya cire hannu.

Addu'a da rukiyya suna da muhimmanci, a yi su, amma duk malamin da ya ce a ajiye maganin likita domin aljani ne, a bar wurinsa. Maganar aure kuwa, da dukkan girmamawa ga Hajiya, ban goyi baya ba a yanzu. 'Yar mutane ba asibiti ba ce, kuma ɓoye wa iyayenta halin da yake ciki ha'inci ne. Na sha zama sulhun irin wannan aure, kuma sau da yawa mace ce take ƙarewa da ciwon damuwa ga goyo a baya. A bari ya samu lafiya da sana'a tukuna, sannan a yi maganar a fili.

Yayar Auta ta sake rubutawa:

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Daren jiya na yi masa tambayar da Maman Ilham ta ce in yi, kuma na daɗe ina juya ta a bakina kafin ta fito. Ya ce tunanin yana zuwa masa amma bai shirya komai ba, sannan ya yi kukan da ban gan shi ya yi ba ko a ranar jana'izar mahaifinmu. Ya amince mu je asibiti gobe da safe, da sharaɗin kada a kwantar da shi ba da saninsa ba, na kuma yi masa alkawarin cewa a gabansa za a yi kowace magana. Yau ɗan Kawu ne zai kwana tare da shi a soro, magungunan Hajiya kuma na kwashe su zuwa ɗakina.

Hajiya ba ta sauka daga maganar aure ba tukuna, amma ta yarda a jira abin da likita zai ce. Ita ma na lura ta rame kuma jininta yana hawa tun da abin ya dawo, saboda haka zan nemi a duba ta. Ɗan Kafinta, ina da tambaya gare ka: ƙanena yana da hannu a gyaran waya tun yana sakandare, amma kasuwar wayar cike take da samari kuma kuɗi suna yawo a cikinta. A ganinka in nema masa wuri a can a ƙarƙashin wani babba, ko in nemi sana'ar da ta fi nisa da jama'a a watannin farko?