R ya ƙi buɗe bayanaina a Windows, shin in koma Linux?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina neman shawara, kwana uku ke nan abin ya hana ni barci. Ina aikin digiri na biyu, ina da fayil ɗin CSV mai layi miliyan 6 da ginshiƙai 120, kusan duk lambobi ne. Kwamfutata Windows 11 ce, RAM ɗinta 8 GB. Duk sanda na sa umarnin read.csv don buɗe shi a R, manhajar nazarin bayanai, sai ta daɗe tana juyi, daga ƙarshe ta rubuto "cannot allocate vector of size 45.8 Mb". Abin da ya ɗaure min kai, ta yaya 45.8 Mb zai gagari 8 GB? Na gwada memory.limit(), umarnin ƙara wa R iyakar RAM, kamar yadda na karanta, sai ya ce ba a amfani da shi kuma. Wani abokin karatuna ya ce Windows ce matsalar, in goge ta in sa Linux. Ina tsoron taɓa kwamfutar ana saura wata biyu in miƙa aiki. Me kuke gani?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kada ki goge komai tukuna. Wannan 45.8 Mb ɗin ba girman bayananki ba ne, ɗan yankin ƙarshe ne da R ya nema bai samu ba. Ki lissafa da kanki: R yana ba kowace lamba mai ɗigo baiti 8. Miliyan 6 sau 8 ya ba da baiti miliyan 48 na ginshiƙi ɗaya, wanda R ke nunawa a matsayin 45.8 Mb, wato daidai wannan adadin da kika gani. Ki ninka sau 120, kin kai wajen 5.8 GB. Windows da burauza da RStudio (manhajar da ake aiki da R a cikinta) sun riga sun ci nasu kafin ki fara. Ga shi kuma R yana ɗora komai a RAM, yana kuma yin kwafi yayin karantawa da gyarawa. Ko da fayil ɗin ya buɗe, ina za ki sami wurin yin lissafin?

Amsa ta biyu:
Game da memory.limit(), shawarar ta tsufa. A Windows kaɗai yake aiki dama, kuma tun R 4.2.0 na shekarar 2022 aka daina shi, lokacin da aka bar fitar da R mai 32-bit. A wancan zamanin ne ake fama da iyakar 2 GB ko 3 GB. Yanzu iyakarki ita ce RAM da pagefile, wato wurin da Windows ke arowa a diski idan RAM ta cika.

Amsa ta uku:
Ni Linux nake amfani da ita shekaru da dama, kuma ina sonta, amma gaskiya abokinki bai faɗi daidai ba. Ta fi Windows barin sarari, ba musu, amma ba ta ƙirƙiro RAM. Bambancin yana wajen yadda abin ke faɗuwa. Linux takan yi wa manhaja alƙawarin wurin da ba ta da shi, idan ya cika sai ta kashe R gaba ɗaya, ki ga "Killed" kawai, aikin da ba ki adana ba ya tafi. Ni na fi son gargaɗin Windows a kan wannan.  Inda Linux ta yi fice shi ne mclapply, umarnin R da ke raba aiki tsakanin sassan processor ba tare da kwafe bayanai ga kowanne ba, amma ke ba ki kai nan ba.

Tambaya gare ki: duk 120 ɗin kike buƙata?

Mai tambaya:
A'a Malam, kamar 15 ne ke shiga binciken.

Amsa ta uku kuma:
To shi ke nan. Ki sa kunshin R mai suna data.table, ki karanta da umarninsa fread, ki ba zaɓin select sunayen ginshiƙai 15 ɗin kawai. Wajen 720 MB ne. Idan wata rana kina son duka, ki zuba su a rumbun bayanai na DuckDB ko ki mayar da fayil ɗin zuwa tsarin Parquet da kunshin arrow, ki riƙa ɗebo abin da kike so. Kuma ki hana RStudio loda tsohon .RData, wato ajiyar aikinki na baya, idan ya tashi, yana cin wuri ba ki sani ba.

Mai tambaya:
Alhamdulillah, ya buɗe! Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Yanzu zan gwada glm, lissafin da zan yi a binciken, in gani ko zai ɗauka.