Inda marubuta soyayyar kaboyi ke samo labari

A hirarmu da wasu marubuta kan labaran soyayya masu raha na Yammacin Amurka na da, yawancinsu sun ce daga tarihi suke ɗebowa. Dokar filaye ta 1862 ta bai wa mace marar aure mai shekara 21 damar mallakar eka 160 in ta zauna ta noma shekara biyar. To, ga budurwa 'yar birni ba ta taɓa tatsar saniya ba, ga maƙwabcinta kaboyi a jikin shinge yana danne dariya. Wannan dabara ta kama ni ƙwarai, don rahar daga halin masoyan take fitowa.

Wasu kuma tsofaffin jaridu suke bi, musamman tallan mazan da ke neman matar aure ta wasiƙa.